Tambaya da Amsa: Makaranta ta ce dole mu sauke manhajar AI, akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makarantar yarana ce ta ce dole mu sauke wata manhaja ta AI, wai tana gane inda yaro yake da rauni a lissafi sai ta riƙa ba shi darasi daidai ƙwaƙwalwarsa. Da na zo rijista sai ta nemi sunan yaro da ranar haihuwa da hoto, har da izinin makirfo da wurin da muke. Akwai matsala ne ko tsorona ne kawai? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya tsoronki yana kan hanya. Irin wannan manhaja ba duba take yi ba, bayanai take tarawa, duk amsar da yaro ya danna tana ajiyewa, sakan nawa ya ɗauka kafin ya amsa, sau nawa ya kuskure, ƙarfe nawa na dare yake karatu, da haka take gina masa fayil. Wannan ɓangaren dole ne in ana so ta yi aiki. Amma me ya haɗa darasin lissafi da sanin unguwar da kuke? Babu.

Kuma an sha kama masu irin waɗannan manhajoji. A 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu sama da 160 da gwamnatoci 49 suka amince da su lokacin korona, ta gano kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da damar yin haka, da yawansu ma suna tura bayanan ga kamfanonin talla. A Amurka hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin manhajar karatu na Edmodo tarar dala miliyan 6 a 2023 saboda amfani da bayanan yara wajen talla ba da izinin iyaye ba.

Amma ni abin da ya fi damuna ma ba tallan ba ne, hukuncin da manhajar ke yanke wa yaro ne a ɓoye. Ki duba yadda muke a gidajenmu, waya ɗaya ce yara uku ke rabawa, ƙanwarsa ta ɗauka ta daddanna amsoshi barkatai, ko netwok ya ɗauke ana tsakiyar gwaji, ko kuma yaron ya iya lissafin sarai turancin tambayar ne ya sha masa kai. Ita manhaja ba ta san duk wannan ba, kawai sai ta rubuta cewa mai rauni ne ta koma ba shi tambayoyin 'yan aji biyu, shi kuma yana ta cinyewa ana ta tafa masa a allo alhali an bar shi a baya. In malami ne ya yi haka za ki je ki same shi ku yi magana, wannan kuwa wa za ki tambaya? A Ingila a 2020 da aka soke jarrabawar A-level ta kammala sakandare saboda korona aka bar wani tsarin lissafi na kwamfuta ya fitar da sakamako, ya rage makin da malamai suka bayar a kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon, kuma 'yan makarantun unguwannin talakawa ne suka fi ji a jikinsu, sai da ɗalibai suka fito zanga-zanga gwamnati ta janye.

Toh abin yi. Ki shiga Settings, Apps, ki zaɓi manhajar ki buɗe Permissions, ki kashe wuri da kamara da lambobin waya, makirfo kuma sai in ana koyon furuci. Hoto kar ki saka in ba tilas ba. Kowane yaro a buɗe masa akawun nasa daban. Sannan ki tambayi makarantar a rubuce wane kamfani ne ke riƙe da bayanan, kuma za a goge su in yaro ya bar makarantar? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kina da haƙƙin neman a goge, in an ƙi akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ake kai ƙorafi.

Tambaya: Malam ni malamin sakandare ne a Maraɗi, ɗalibaina sun koma yin aikin gida da ChatGPT, aikin ya yi kyau amma a jarrabawa ba labari. In hana su ne?

Amsa: Malam hanawa ba za ta yiwu ba, wayar tana aljihunsu. Abin da ka gani ma an gwada shi, a wata sakandare a Turkiyya an ba ɗalibai kusan 1,000 GPT-4, wato AI ɗin da ke cikin ChatGPT a lokacin, suna atisayen lissafi, makinsu ya tashi sosai, da aka karɓe aka yi jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba da kusan kashi 17 cikin 100. Waɗanda aka saita wa shi ya riƙa ba da haske kawai ba amsa ba, su ba su faɗi haka ba. Don haka ka koya musu su rubuta masa "kar ka ba ni amsa, nuna min inda na kuskure", kuma su sani yana shirga ƙarya wani lokacin cikin kwanciyar hankali, musamman in da Hausa aka tambaye shi. Ranar da aka kawo aikin gida ka ɗauki mutum biyu ko uku su fito gaban allo su yi bayanin yadda suka samo amsar.