Yadda za ka girka manhajar Python a kwamfutoci da yawa

Malam, ka ce ka rubuta manhajar sakamakon jarabawa da Python, yaren rubuta manhaja, kana son ka sa ta a kwamfutocin wata makaranta a Ƙofar Ƙaura, ga shi babu intanet a can.

Shawarata, ka yi amfani da PyInstaller. Yana haɗa Python ɗin kansa da duk ƙananan manhajojin taimako (libraries) da manhajarka ta dogara da su cikin folda guda, sai ka kwafa a filashi ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Amma ka kula, abin da ka haɗa a Linux ba zai tashi a Windows ba. A kan Windows za ka haɗa shi, kuma in akwai kwamfutoci masu Windows nau'in 32-bit, da Python mai 32-bit za ka yi.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tsoffin injina. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, don haka je ka duba tsarin kowace kwamfuta tukuna.

A cikin PyInstaller, ka zaɓi --onedir, wato mai haɗa komai cikin folda guda. Na --onefile, mai dunƙule komai cikin fayil guda, sai ya warware kansa duk sanda aka buɗe shi, ya yi nauyi, wani lokaci ma antibairus ya kama shi. Ka gwada a kwamfutar da ba a taɓa sa wa Python ba kafin ka kai musu.