Amsa ga ƙanena mai shirin tahowa karatu Jamus: wace motar rimot zai fara da ita?

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fata kana lafiya, tare da su Baba da Umma da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da jin cewa ka samu gurbin karatun injiniya a nan Jamus. Allah ya sanya albarka a cikin tafiyar. Ka ce kana son motar rimot irin wadda ake tuƙawa a kan turɓaya da tsakuwa, mai ƙwari kuma marar tsada, domin ka fara koyon yadda inji da giya da sitiyari suke aiki tare. Ka kuma tambaya ko ka saya tun kana Kaduna ko ka bari sai ka iso, sannan ka ambaci wata da ka gani a intanet, wadda aka rubuta cewa tana gudun kilomita 70 a sa'a.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, babu motar rimot da ba ta karyewa, ko da kuwa nawa aka saye ta. Wadda ake kira mai ƙwari ita ce wadda idan wani abu ya karye a jikinta za ka samu madadinsa da sauƙi, ka kwance noti biyu ko uku ka ɗaura sabo. Ka tuna da Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kakuri bayan buɗe masana'antarsa a 1975: ta daɗe a kan titunanmu ne domin kowane bakanike ya san cikinta, kuma kayan gyaranta suna ko'ina. Da wannan ma'aunin za ka auna duk motar da aka nuna maka.

Saboda haka ka raba motocin gida biyu. Akwai na wasan yara da ake jibgewa a shagunan kayan wasa, waɗanda aka haɗa komai nasu a kan allon lantarki guda, sitiyarinsu kuma ba shi da tsaka-tsaki, ko dai ya karkata gaba ɗaya ko ya miƙe. Ranar da giya ɗaya ta cinye, motar ta gama aiki. Akwai kuma na masu sha'awar harkar, waɗanda kowane sashe nasu yake da lambarsa a cikin littafin da ke zuwa da motar, totur da sitiyarinsu kuma suna bin yatsanka daidai gwargwado. Kafin ka ba da kuɗinka, ka nemi lambar hannun da ke riƙe tayar gaba da lambar babbar giya, ka bincika ko ana sayar da su daban. Idan ba ka same su ba, ka haƙura da motar komai kyawunta.

Game da gudun kilomita 70 kuwa, shawarata ita ce ka kawar da kai. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yana ninkawa sau huɗu ne, kuma sabon direba yakan rikice da zarar motar ta juyo tana fuskantarsa, domin a lokacin damarta ta koma hagunsa. A wannan ɗan rikicewar ne ake kai wa bango ko bakin kwata karo. Injinan waɗannan motoci iri biyu ne: mai burushi, wanda yake da ƙananan gawayi biyu a ciki irin na kik ɗin mota, da marar burushi, wanda ya fi gudu, ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Mai burushi ya ishe ka a shekarar farko, kuma idan ya gaji canza shi ba ya cin kuɗi. Wasu kamfanoni ma sun tanadi hanyar rage ƙarfi saboda mai koyo: Traxxas na Amurka yana da tsarin da ke mayar da ƙarfin injin rabi, rimot ɗin da ke zuwa da motocin Arrma da dama kuma yana da maɓallin zaɓar kashi 50 ko 75 ko 100.

Girman da ya fi dacewa shi ne 1:10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, domin tayoyinta suna haye tsakuwa da ciyawar da za ta tsayar da ƙanana, kuma batir da inji da tayoyi na wannan girman su ne suka fi yawa a kasuwa. Mai ja da tayoyin baya kawai ta fi mai ja da tayoyi huɗu sauƙin kuɗi da ƙarancin abin lalacewa, tana kuma koya maka tausasa yatsa a kan totur, domin in ka danna da ƙarfi a kan rairayi bayanta zai zame. Traxxas Slash, wadda ta fito a 2008, misali ce mai kyau ta irin wannan, kuma kayan gyaranta ba sa wahalar samu. Kada kuma ƙyallin alminiyam ya ruɗe ka. Roba mai kyau tana lanƙwasa ta dawo daidai, ƙarfe kuwa yakan lanƙwashe ya zauna a haka, ko ya miƙa dukan ga wani sashe da ya fi shi tsada. An ƙera hannun taya na roba ne domin ya karye a madadin akwatin giya.

Amma tunda koyo ne ya sa ka neman motar, ni abin da na fi so maka shi ne wadda za ka harhaɗa da hannunka. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ya daɗe yana sayar da motocinsa a warwatse cikin kwali, tun zamanin Grasshopper da Hornet na 1984, kuma samfurinsa mai suna DT-03 yana da farin jini a nan wajen masu farawa. Za ka zauna da sukundireba da ƙananan ledoji masu haruffa, ka jera ƙananan giyoyin da ke ba tayar waje damar fin ta ciki gudu a kan kwana, ka shafa musu giris, ka rufe akwatin, ka juya taya ɗaya da hannu ka ga ɗayar tana juyawa baya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sha wahalar gane zanensa a aji ba. Sai dai ka sani cewa rimot da batir da caja da ƙaramin injin da ke juya sitiyari daban ake sayensu, don haka ka haɗa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Ka kuma sayi boris na ƙarfe ka sa tun lokacin harhaɗawa, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci da zoben roba suke zuwa a gurbinsa.

Batir ne wurin da nake roƙon ka nutsu. Na NiMH mai bolt 7.2 yana da nauyi kuma ba shi da zafin nama sosai, amma yana jure sakacin mai koyo. Na LiPo ya fi ƙarfi da rashin nauyi, sai dai yana da sharuɗɗa: kowane ɗaki nasa, wato kowane ɗaya daga cikin ƙananan batiran da aka haɗa a cikinsa, yana cika a bolt 4.2, ba a barinsa ya sauka ƙasa da 3.0, idan kuma za a ajiye shi na kwanaki ana barinsa a wajen 3.8. Yana buƙatar caja mai daidaita ɗakunan, kuma ba a jona shi a tafi a bar shi. Na san yadda muke yi a gida idan an kawo wuta cikin dare, kowa ya jona abin da zai jona ya koma barci. Da LiPo ba a yin haka, domin gobararsa tana tashi nan take kuma tana da wuyar kashewa. Kada a bar shi cikin mota a rana, musamman a zafin Maris da Afrilu na Kaduna. Idan ka ga ya kumbura, ledar jikinsa ta taso har ba ya kwanciya daidai a kan tebur, to aikinsa ya ƙare, kada ka sake caja shi.

Yanzu ga maganar saye a gida ko a nan. Ra'ayina shi ne ka bari sai ka iso. Mota mai girman 1:10 takan kai kusan rabin mita, wasu ma sun fi, kuma za ta cinye maka wurin kayan sanyi da littattafai a cikin akwati. Batiran lithiyam da ba a jikin na'ura suke ba, dole a jakar hannu ake shiga da su jirgi, a rufe bakin wayoyinsu da salatif. Wanda bai wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne) ba ya buƙatar izini na musamman, kuma batir mai bolt 7.4 da mAh 5000 Wh 37 ne kawai. Babban dalilin dai shi ne, a nan doka ta ba mai saye kwana 14 na mayar da abin da ya saya ta intanet daga ɗan kasuwa, da garantin shekara biyu a kan sabon kaya, kuma kayan gyara suna isowa ƙofar gida cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma na hannu a dandalin Kleinanzeigen, inda mutane suke sayar da motar da suka gaji da ita haɗe da batir da caja; ka je ka gani da idonka, ka girgiza tayoyin ka ji ko akwai lako-lako, ka duba haƙoran babbar giya.

Kada kuma ka manta da aljihunka. A lissafin Satumba 2024, kuɗin da ake buƙatar ɗalibi ya ajiye a asusun da ake kullewa domin biza Yuro 11,904 ne na shekara, ana sakar masa 992 a wata, kuma haya da inshorar lafiya ne suke cinye mafi yawansu. Ka bari sai ka samu ɗaki, ka ga yadda wata biyu ko uku suka kasance, sannan ka saya. Ka kuma tambaya a sashenku ko akwai ƙungiyar ɗalibai masu ƙera ƙananan motoci masu tuƙa kansu, domin jami'ar fasaha ta Braunschweig ta fara shirya gasar irin waɗannan motoci masu girman 1:10 mai suna Carolo-Cup a 2008, kuma a irin waɗannan ƙungiyoyi ɗalibi yakan samu kayan aiki ba tare da ya kashe nasa ba.

Idan kuwa ka ga ba za ka iya jira ba, to ka nemi ƙarama mai sauƙin kuɗi irin WLtoys 144001 ta ƙasar Sin, mai girman 1:14, ka haɗa odar hannayen taya da giya tare da ita a lokaci guda, da niyyar barinta ga ƙannenka idan za ka taho. Tana da gudu fiye da yadda mai koyo yake buƙata kuma cikinta yana kusa da ƙasa, don haka filin ƙwallon unguwa mai laushin ƙasa ya fi dacewa da ita, da safe kafin yara su cika shi. Ƙurar hunturu da jar ƙasarmu suna shiga boris su cinye shi, saboda haka ka goge ta da busasshen burushin fenti bayan kowace fita, kada ka wanke ta da ruwa, kuma kada ka lafta giris a giyar da ke fili domin yashi yake kamawa. Idan waya ta tsinke, mai gyaran rediyo zai like maka da dalma, idan kuma ƙaramin ƙarfe ya lanƙwashe, maƙeran Panteka ba za su rasa dabara ba.

Ka aiko mini da sunan garin da jami'arku take da ranar da kake sa ran sauka, domin in duba maka ƙungiyar masu motocin rimot mafi kusa da ku da kuma filin da aka yarda a yi tuƙi a cikinsa. Ka gaishe mini da su Baba da Umma.