Ni limami ne a Ingila, shin doka za ta tilasta min ɗaura auren jinsi ɗaya?

Tambaya: Barista salamu alaikum. Ina limanci a wani ƙaramin masallaci a Ingila, kuma ina da zaure nawa na kaina da nake bayarwa haya ana biki a ciki. Ana ta cewa tunda an halatta auren jinsi a ƙasar nan, in maza biyu suka zo na ƙi ɗaura musu aure kotu za a kai ni. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Toh tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma gaskiya amsarsu ba ɗaya ba ce, a ɗaya kana da kariya sosai, a ɗayan kuma sai ka taka a hankali.

Mu fara da limancin. Dokar da ta halatta auren jinsi a Ingila da Wales an yi ta ne a 2013, aka fara ɗaura irin auren a watan Maris na 2014. Kafin ta wuce an sha muhawara mai zafi a majalisa da wajenta, Cocin Ingila da Katolika da manyan ƙungiyoyin Musulmi duk suka ce ba su yarda ba, su kuma masu goyon baya, har da wasu ƙananan ɗarikun Kirista da na Yahudawa, suna cewa magana ce ta daidaito a gaban doka. Wannan ja-in-jan ne ya sa aka zuba kariya ga masu addini a cikin dokar kanta. Babu wurin ibada da zai ɗaura auren jinsi sai hukumar shugabannin addinin da ke kula da wurin ta rubuta cewa ta amince, sannan a sake yi wa ginin rajista ta musamman don haka. In ba ku nema ba shikenan, ko kun so ma ba ku da ikon ɗaurawa. Kuma ko da hukumarku ta amince, kai a karan kanka ba a isa a tilasta maka ba, an ma gyara dokar daidaito ta 2010 don kada ƙin da limami ko fasto ya yi ya zama laifin wariya. Don haka kwantar da hankalinka ta nan.

Huɗuba ma haka. Doka ta fito fili ta ce sukar auren jinsi ko faɗin abin da addininka ya koyar a kai ba ya zama tunzura ƙiyayya don kawai ka faɗa. Inda za ka faɗa rami shi ne barazana, ko ingiza mutane su cutar da wani, ko ka kama sunan mutum ka riƙa cin zarafinsa, wannan kam babu rawanin da zai kare ka.

Zauren naka ne ya fi damuna. A can kai ɗan kasuwa ne ba limami ba, kuma dokar 2010 ta hana mai sayar da kaya ko hidima ya juya wa mutum baya saboda jinsin wanda yake so. A 2013 wasu mata da miji Kiristoci masu gidan saukar baƙi a Cornwall sun kai har kotun ƙoli bayan sun hana wasu maza biyu ɗaki mai gado ɗaya, suka ce imaninsu ne, kotu ta ce sun yi wariya. Mutane za su kawo maka shari'ar gidan burodin Ashers na Belfast da ya yi nasara a 2018, amma ka lura, can kotu cewa ta yi saƙon goyon bayan auren jinsi da aka ce su rubuta a kan kek suka ƙi, ba mutumin ba, ko waye ya zo da saƙon za su ƙi. Hayar zaure ba rubuta saƙo ba ce, ni dai ba zan ba ka shawarar ka jingina da wannan hukuncin ba. Abin ba ɗauri a kurkuku ba ne, ƙarar neman diyya ce, amma diyya da kuɗin lauyoyi kan iya karya ƙaramar sana'a.

Kana da damar kafa sharuɗɗa, misali ba giya, ba kiɗa bayan ƙarfe kaza, muddin sun shafi kowa da kowa kuma ba fakewa ka yi da su ba, don alƙalai suna gane wannan da wuri. Kana iya daina bayarwa don bukukuwan aure gaba ɗaya. Zauren da masallaci ya mallaka kuwa yana da sassauci na daban a doka, amma sassaucin ba ya aiki in kasuwanci ne babban manufar wurin, ko in aikin da kuke yi kwangilar hukuma ce, saboda haka canja suna a takarda kawai ba zai fisshe ka ba.

Ka zauna da kwamitin masallacinku ku rubuta matsayarku kan amfani da ginin, sannan ka ɗauki takardun mallakar zauren da fom ɗin da masu haya ke cikewa ka kai wa lauya a inda kake ya duba maka su tun kafin wani ya zo neman haya.