Amsa: Me ya sa Amurka ba ta hutun ma'aikata a ranar 1 ga Mayu?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Amurka ba ta bikin ranar ma'aikata tare da sauran duniya, alhali daga can abin ya samo asali. Ranar 1 ga Mayu, 1886, dubban ma'aikata suka shiga yajin aiki suna neman a taƙaita aiki zuwa awa takwas, domin a lokacin mutum kan yi awa goma ko sha biyu a masana'anta. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wa masu yajin wuta a ƙofar masana'antar McCormick da ke Chicago, washegari kuma wani ya jefa bam a taron dandalin Haymarket, 'yan sanda bakwai suka mutu. An rataye mutum huɗu a 1887, kodayake ba a tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba, kuma a ganina shari'ar ta tsoro ce, ba ta hujja ba. Taron 'yan gurguzu na Paris a 1889 ne ya ɗauki 1 ga Mayu a matsayin ranar ma'aikata ta duniya. Ita kuwa gwamnatin Amurka ta Shugaba Cleveland, a 1894 ta tabbatar da Litinin ta farko a watan Satumba a matsayin ranar hutun ma'aikata, wadda ba ta tuno da Haymarket.