Hukuncin ƙirƙirar duniya mai wata biyu a cikin wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, muna yin wasan nan da kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a duniyar ƙage, irin Dungeons & Dragons. Ni nake tsara duniyar tamu: na ba ta wata biyu a sararin samaniyarta, shekararta kwana 400, watanni 13. Wani abokina ya ce ina kwaikwayon halittar Allah, kuma na saɓa wa ayar da ta ce watanni goma sha biyu ne. Ina matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya yi kishin addini, Allah ya saka masa, amma ya ɗora ayar a inda ba muhallinta ba. Aya ta 36 a Suratut Tauba tana magana ne a kan watannin da muke azumi da aikin hajji da su, kuma ayar da ke biye ta zargi Larabawan jahiliyya ne saboda suna jinkirta wata mai alfarma su halatta yaƙi a cikinsa. Kai kuwa ba ka matsar da Muharram ba, ba ka ce a ɗauki azumi da kalandarka ba. Labari ne, kowa a wurin ya san labari ne.

Wata biyu ma ba baƙon abu ba ne a mulkin Allah. Duniyar Mars tana da biyu, Fobos da Daimos, an gano su a 1877, kuma shekararta kwana 687 ce. Fobos yana kewaye ta cikin ƙasa da awa 8, har ya zama daga yamma yake fitowa ya faɗi a gabas. Idan ka zauna da biro da takarda kana lissafin ranar da watanninka biyu za su cika tare, ɗaya mai zagayen kwana 20 ɗaya mai 30, ka ga sai bayan kwana 60, to hisabi kake yi. Suratu Yunus aya ta 5 ta ce an sanya wa wata masaukai ne domin mu san adadin shekaru da lissafi. Da wannan ilimi manomi ke duban Kaza da 'ya'yanta ya gane inda damina ta kwana.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne abin da ba ka tambaya ba. Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu: na tafiyarsu, wanda ya halatta, da na tasirinsu, wato cewa tauraro ne ke ba da arziki ko tsiya, wanda ya haramta. Da yawa cikin waɗannan wasanni sun ginu a kan na biyun. A Dragonlance, ɗaya daga cikin duniyoyin wasan Dungeons & Dragons, watanni uku da ke sararin samaniya ne ke ƙara wa matsafa ƙarfi ko su rage shi, a wasu kuma burujin da aka haifi jarumi a ƙarƙashinsa ke yanke masa baiwarsa. A Hudaibiyya, bayan ruwan da aka yi da dare, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Ban ce mai wasa ya kafirta ba, domin bai ƙudurce hakan a zuciya ba. Amma harshe yana sabawa da abin da yake maimaitawa, kuma akwai ƙannenku da ke zaune suna saurare. Ka bar watanninka su jawo cikar teku da janyewarta, su haska wa ayari hanya, su sanar da lokacin shuka. Kada ka ba su ƙaddara, kada ka mai da su alloli abin roƙo.

Sai ƙwayar jefawa irin ta ludo da ake amfani da ita a irin wasanku. Hadisin Buraida a Muslim ya yi tsanani a kan nardu, wani wasa da ake yi da irin wannan ƙwaya, Imamu Malik ma ya kawo hanin a Muwaɗɗa, kuma mafi yawan malamai sun haramta shi ko da babu kuɗi. Ra'ayina ku ajiye ta, ku bar mai jan ragamar wasan ya yanke hukunci da hujja. Idan kuɗi ya shiga, caca ce kai tsaye. In ladan ya kira salla kuma, a tashi.

Wallahu a'alam.