Gonar da aka kwashe wa burji: ta ina za a fara?

Wani manomi daga wajen Tibiri ya aiko da tambaya. Shekara uku ke nan da masu aikin hanya suka haƙi burji a gefen gonarsa, suka bar masa rami da fako. Sau biyu yana shuka hatsi a wurin, ko gwiwa bai kai ba.

Malam, ka daina asarar iri. Ba burji kaɗai kamiyo ya tafi da shi ba. Ƙasar sama, wadda da ƙyar ta kai santimita 20, ita ce ke riƙe da taki da saiwoyi da ƙwayoyin ciyawa, kuma ita aka fara kankarewa. Ka zuba bokitin ruwa a wurin ka tsaya ka gani: zai gangare ne kamar a kan siminti. To aikin farko shi ne tsayar da ruwa.

Bayan girbi, ka haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata, a inda ke da gangare: faɗi mita 4, bakinsa yana kallon tudu, ƙasar da ka fidda ka jera ta a baya kamar kunya. Hekta ɗaya tana ɗaukar kimanin 313, a jera su a sassaɓe don ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa. Inda ya yi shimfiɗe kuma, tassa ta fi: ƙananan ramuka, zurfin santimita 15 zuwa 20, kowane a zuba masa taki cikin tafi biyu. Tun da rani za a zuba, don gara ta samu lokacin huda ƙasar. Mun saba zagin gara, amma a fako ita ce ɗan ƙodagon da ba ya karɓar ko dala.

Damanar farko ka manta da hatsi. Ka watsa gamba a kan kunyoyin, cikin ramukan ka sa tafasa da yakuwa da kuɓewa, ka dasa dakwara ko magarya a tsakiyar rabin watan. Sannan shingen ƙaya. In babu shinge, awaki ka yi wa aiki.

Za ka ce ina sassaben zamani, wato renon tohon itatuwa a gona, wanda daga nan Maradi ya yaɗu tun shekarun 1980, zamanin aikin masanin noma Tony Rinaudo? Shi sassaben da kututture mai rai ya dogara, na sabara ko kalgo ko gawo. A ƙasan rami katafila ta tumɓuke su duka, dole sai dashe. Amma ka duba bakin ramin da kyau, duk tohon da ka gani ka gyara shi, zai riga dashen girma.

Wasu mata daga Madarunfa sun tambaya ko a cike ramin tubali da sharar gari. A'a. Leda da matattun batura ba sa zama taki. Ku sa a karya gaɓar ramin ta kwanta, saboda yara da dabbobi, ruwan da ya taru kuma ku yi lambu da shi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani manomin Gidan Rumji take: an zo ana tayin kuɗi don a haƙi gonarsa. Ba zan ce kada ka karɓa ba, na san halin da ake ciki. Amma kafin katafila ta shiga, a rubuta takarda gaban mai gari da hukumar filaye ta Cofo. A faɗi iyakar wurin da zurfin da za a tsaya, a tara ƙasar sama gefe guda, in an gama a kwantar da gaɓa a mayar da ita. Kuma ranar da za a fara kankara ka kasance a wurin da kanka, don direban ba ya karanta takarda.