Yaushe Amurka ta daina hukunta 'yan luwaɗi da maɗigo?

Tambaya: Malam, na ji an ce a da Amurka ma tana kama 'yan luwaɗi. Gaskiya ne? To yaya aka yi har aka kai ga auren jinsi?

Amsa: Gaskiya ne, kuma ba a daɗe da dainawa ba. Kafin 1961 babu jihar Amurka da ba ta da dokar hukunta luwaɗi. Illinois ce ta fara soke tata. A 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan umarnin da ya sa aka yi ta korar 'yan luwaɗi da maɗigo daga aikin gwamnati, wai 'yan leƙen asirin Sobiyet za su iya juya su da barazanar tonon silili. Cikin waɗanda aka sallama har da Frank Kameny, masanin taurari, a 1957. Shi ne a 1965 ya ja wasu 'yan tsiraru zuwa zanga-zanga a ƙofar fadar White House, maza cikin kwat da nakatai, mata cikin siket, don kada a ce musu 'yan iska.

Abin da aka fi ambata shi ne daren 28 ga Yunin 1969, da 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall a New York, wadda matattarar 'yan luwaɗi ce, mutanen ciki suka ƙi watsewa, aka yi ta jifa da kwalabe. A ganina ana zuzuta daren nan fiye da kima. Cutar ƙanjamau, wadda ta ɓulla a 1981, ta fi sauya tunanin jama'a, domin iyaye da yawa a gadon asibiti suka fara sanin halin 'ya'yansu.

Sauran kuma aikin kotu ne. A 1998 'yan sandan yankin Houston suka shiga gidan John Lawrence bisa rahoton ƙarya cewa akwai mai bindiga a ciki, suka kama shi tare da Tyron Garner bisa zargin luwaɗi. Ƙarar tasu ce ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2003 ta soke ragowar dokokin. Massachusetts ta fara ɗaura auren jinsi a 2004, sannan a 2015 Kotun Ƙoli ta halatta shi a duk ƙasar, da ƙyar, alƙalai 5 da 4.

'Yan siyasa dai a baya suka biyo. Clinton ne ya sa hannu kan dokar 1996 da ta ce aure na mace da namiji ne kaɗai, Obama ma sai a 2012 ya fito fili ya goyi bayan auren jinsi.